Karatun da Na Yi wa Baba Tsoho

Watan jiya aka cike rijiyar gidanmu na Tudun Wada. Ta yi shekaru ba ta ba da ko cikin moɗa ba, sai ledojin da iska ke jefawa a ciki, ga kuma ɗan ƙanena yana son fitar da shagon cajin waya ta wannan kusurwar. Ban hana ba. Na sa aka ajiye mini kujera a inuwa, na zauna ina kallon leburori suna shigo da ƙasa a baro suna juyewa. Matan gidan suka ga ina share ido da gefen mayafi, suka ce Hajiya tana kewar ruwan daɗi. Na bar su a haka. Ba ruwan nake tunawa ba. Wanda ya haƙa rijiyar nake tunawa, da abin da na yi masa, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba har na yi furfura.

Yaran yanzu ba za su gane Tudun Wadan da na tashi a ciki ba. Lokacin Bature bai tafi ba tukuna, gidaje ba su manne da juna ba, kana fita bayan gidanmu gonar dawa ce, gaba kaɗan kuma fadama mai rake. Abin da ke tashe ni da safe ƙarar guga ce tana bugun bangon rijiya, sai sakin taɓarya daga gidan maƙwabta, sai kukan jirgin ƙasa daga nesa. Aikina ne in cika randuna uku kafin in tafi makaranta, kuma ba na shan wuya, don igiyarmu gajera ce, ruwan yana kusa har kana ganin fuskarka a ciki. Damina kuwa ba ta saɓa alkawari. Tsofaffi su dubi gabas su ce jibi za a yi shuka, a kuma yi. Kwaɗi su cika unguwa da kuka, bango ya yi gansakuka, Inna ta yi ta faɗan itace ya jiƙe. Yanzu ina zaune ƙarƙashin fanka tana hura mini iska mai zafi, ina jiran ɗan garuwa, hadari ya haɗu ya watse sau biyar bai sauke komai ba, ran da zai sauke kuma ya tafi da katangar mutane.

Baba Tsoho mahaifin Baba ne, sana'arsa haƙar rijiya. Daga Gyallesu har Dutsen Abba da wuya ka sha ruwa a unguwa ba ka sha na hannunsa ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kamar bayan ƙwarya. Idan aka kira shi aiki sai ya zagaya gidan ba takalmi, ya tsuguna ya ɗebi ƙasa ya murza, wani lokaci har ya ɗanɗana, sannan ya kafa dagi ya ce nan. Shi ne kuma mai haƙa kabari idan an yi rasuwa a unguwa, kuma bai taɓa karɓar ko goro a kan wannan ba. Yakan ce ya shiga cikin ƙasa ya fito ba adadi, saura shiga ɗaya wadda babu fita, kuma ba ya jin tsoronta ko kaɗan. Abu ɗaya yake roƙo, ya kuma sha faɗa a gaban kowa: ran da ya cika, kada rana ta faɗi gawarsa tana waje.

Ni ce jikarsa ta fari, saboda haka ni ce Uwargida. Ba ma haɗuwa a tsakar gida ba mu taɓa juna ba.

"Uwargida, yau ma ba ki dafa mini komai ba? Sakinki zan yi."

"Sake ni mana, tsoho. Wa zai kwashe ka? Ka yi ka mutu mu sha gumba."

Sai ya ƙyalƙyale da dariya har ya yi tari, Inna kuma tana daga madafa ko ɗaga kai ba ta yi, don tsakanin jika da kaka babu mai shiga. Ƙarya kuwa a tsakaninmu halal ce. Shi ya ce mini ya taɓa fasa wata rijiya ya faɗa wani gari a ƙarƙashin ƙasa inda awaki ke yin ciniki a kasuwa. Ni na ce masa malaminmu ya auna kan tsofaffi ya tarar babu komai a ciki sai kunu. Kowa ya san ta ɗan'uwansa ƙarya ce, daɗin ke nan.

Baba akawu ne, shi ya sa ni a makarantar boko, dangi kuwa ba su so ba. Sun ce boko na koya wa 'ya mace tsaurin ido da ƙarya. Baba ya gaji da surutu ya yanke magana a gabana: ran da aka kama ni da ɗaya daga cikin biyun nan, ranar na gama karatu. Wanda ya tsaya mini tsayin daka Baba Tsoho ne, alhali shi ko baƙi ɗaya bai iya karantawa ba, na boko ko na allo, sai surorin da yake salla da su. Wataƙila shi ya sa yake girmama rubutu fiye da duk wanda na sani. Idan ya ga takarda a ƙasa sai ya ɗauka ya kakkaɓe ya soka a jikin danga, wai kada a taka sunan Allah, ko da kuwa takardar sabulu ce. A wurinsa baki yana iya faɗin komai, amma abin da aka zauna aka rubuta ba a yin wasa da shi. Na san haka sarai. Ina so a san cewa na sani.

Abubuwa uku suka haɗu a kaina a shekarar. Malaminmu ya ba mu labarin Hamada, ya ce akwai inda da can koguna ne yanzu sai rairayi. Maƙwabciyarmu Goggo Rahila, Kirista ce mai aikin jinya a asibiti, ta kawo mana ƙanƙara a kofi, ta ce a wani akwati mai aiki da kananzir ake yin ta, nama ma idan aka sa a ciki ba ya ruɓa. Sannan Baba ya dawo da wata tsohuwar mujallar Turawa daga wurin aiki, na ga hoton wani mutum kwance cikin gangar ƙarfe, kansa kaɗai a waje. Goggo Rahila ta ce gangar ce ke yi masa numfashi. Na kwana biyu ina juya waɗannan a raina, ina neman ƙaryar da za ta fi ta garin awaki.

Bayan la'asar ce, yana zaune a gindin mangwaro yana tufka igiyar rama. Na zo na zauna kusa da shi da littafina. Littafin lissafi ne, babu komai a ciki sai tarawa da ɗebewa. Na buɗe, na lashi yatsa na juya shafi, na gyara murya irin ta aji. Da baki kawai na faɗa, da ya yi dariya ya rama da wata. Amma na ɗora yatsa a kan layi ina binsa a hankali, har ina yin tuntuɓe da gangan ina komawa baya, kamar mai fassara abu mai wuya.

Na karanta masa cewa wani zamani yana zuwa da rana za ta matso kusa. Damina za ta riƙa gajarta har ta koma kwana bakwai, rijiyoyi su ƙafe, ruwa sai a cikin kwalba, mai kuɗi ya sha, talaka ya kalla. Itatuwa su bushe a tsaye. Mutane su daina fita da rana, su koma zama a ɗakunan ƙarfe da inji ke hura wa sanyi. Ya saki igiyar ya juyo.

"Haka aka rubuta?"

"Ga shi nan, duba da idonka."

Ya duba kuwa, ya daɗe yana kallon lambobin nan, sannan ya gyaɗa kai. Daɗi ya kama ni. Ban taɓa cin galaba a kansa haka ba.

Kwana huɗu ina yi masa wannan karatu, kullum ina ƙara gishiri. A rana ta uku na ce ƙasa za ta yi tauri har dagi ya kasa cinta, saboda haka za a daina binne mutane. Za a jera gawa a akwatunan ƙanƙara a asibiti, kowacce da lamba ɗaure a babban yatsa, babu wanka, babu salla, har abada. A rana ta huɗu na ce tsofaffi ma ba za a bari su mutu ba, za a yi musu allura su yi laushi, a tura su cikin ganga tana yi musu numfashi, ko sun gaji, ko sun roƙa. Har hoton mujallar na yago na nuna masa. Ya riƙe shi da hannu biyu.

"Uwargida, wannan abu da saura, ko ya kusa?"

Nan ne ya kamata in fashe da dariya in ce na kama ka, tsoho. Dariyar ma tana bakina. Amma na ga yadda idonsa ya tsaya a kaina, na ji ina son in ƙara ko da kaɗan.

"An ma fara gwadawa a asibitin nan namu. Da tsofaffi ake farawa." Sai na tuna Baba, na ƙara da cewa, "Amma sirri ne. Malam ya ce duk yarinyar da ta fitar da maganar, korarta za a yi."

Ya miƙo mini hoton. Ya ce in kwantar da hankalina, babu mai ji daga bakinsa. Ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da tufka, ni kuma na tafi wasan carafke, kafin magariba na manta.

Kwanakin baya wata jikata ta nuna mini wani fim a wayarta, duniya ta ƙone, mutane na yaƙi a kan ruwa. Na ce ta kashe, kaina ke ciwo. Na san idan na ba ta wannan labari za ta ce ai Hajiya kin hango, ga ruwa a leda da kwalba, ga zafi, ga ɗakin ajiye gawa, ga mutane kwance da robobi a hanci. Ba na son wannan yabo. Ban hango komai ba. Yarinya ce mai rawar kai ta haɗa ƙarya don ta ga tsoho ya tsorata, kuma ko duk abin da na faɗa ya tabbata yau, a ranar da na faɗe shi ƙarya ne.

Bayan girbi aka kira shi aikin wata rijiya a Gyallesu. Dagi ya goce a kan marmara ya sare shi a ƙwauri. Ba wani babban ciwo ba ne, ya sha samun irinsa. Ya shafa toka ya ɗaure da tsumma ya koma rami. Bayan mako ɗaya ƙafar ta kumbura, bayan biyu ta fara ruwa, ya daina fita. Wanzami ya zo ya yi nasa, aka jiƙa sassaƙe, aka yi tofi, abin sai gaba yake yi. Goggo Rahila ta shigo da kayan aikinta a jiki, ta tsuguna ta kwance tsumman, na ga fuskarta ta canza.

"Baba, wannan ba na gida ba ne. Akwai sabuwar allura yanzu, irin wannan ciwon take ci. A kwantar da kai a wanke shi, kwana kaɗan ka dawo da ƙafarka."

"Na gode, 'yata. Allah ya saka. Ba za ni ba."

"To bari in roƙa a ba ni allurar in zo in yi maka a nan."

"Allurar ce ma ba na so."

Ina tsaye a bakin ƙofa da buta a hannu. Ya ɗago ya dube ni, ya ɗan lumshe ido, irin alamar da ake yi wa wanda aka haɗa sirri da shi. Sai a lokacin na tuna karatun gindin mangwaro.

Baba ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya kawo liman, ya kawo abokan tsohon. Kowa ya tambaye shi dalili, sai ya ce shi dai a bar shi a ɗakinsa. Mutumin da ke sauka rami mai zurfin gaba goma da igiya ɗaya, yau shi ke tsoron gadon asibiti, abin ya ɗaure wa kowa kai. Ran nan Baba ya nemo mutane huɗu da amalanke za a ɗauke shi da ƙarfi. Baba Tsoho ya tashi zaune da ƙyar ya ce, "Idan ka fitar da ni daga gidan nan, ban yafe maka ba, duniya da lahira." Baba ya fita ya sallami mutanen. Ranar na fara ganin hawayen mahaifina.

Ga inda kunyar take. Ƙaryar kanta yarinta ce, wannan zan iya cewa. Amma kwana goma sha ɗaya na yi ina ganin ƙafar nan tana baƙi, na kuma san magana ɗaya ce za ta warware komai. In je in ce Baba, ni ce. Da ya ɗauko littafin ya kira liman da malaminmu, an rantse wa tsohon, da ya yarda da su. Sau uku ina zuwa har ƙofar ɗakin Baba. Kowane zuwa sai in tuna maganarsa a kan ƙarya, in ga an karɓe mini allo da littattafai, in ga dangi suna cewa ai mun faɗa. Sai in juya in ce gobe, wataƙila gobe ƙafar ta saɓe. Na auna karatuna da ƙafar kakana, na zaɓi karatuna, ina da shekara goma sha biyu kuma na san abin da nake yi.

Da na ga goben ba ta zuwa, sai na nemi hanya mai sauƙi, in gyara abin tsakanina da shi ba wanda ya ji. Bayan azahar ce, Inna tana surfe, Baba yana wurin aiki. Na shiga ɗakinsa da littafin. Warin ciwon ya cika ɗakin, ƙudaje na bin tsumman. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na ɗauki mafici na fara yi masa fifita.

"Uwargida ce? Kin zo duba ko gumbarki ta kusa?"

Na buɗe littafin na kai shi gaban fuskarsa, kuka ya ƙwace mini.

"Baba Tsoho, ƙarya na yi maka. Wallahi babu komai a nan sai lissafi. Babu ganga, babu ƙanƙara, ni na ƙirƙira. Ka bari a kai ka."

Ya dube ni. Sannan ya sa hannu ya rufe littafin a hankali, ya ture shi gefe don kada ya taɓa tabarmar da ta ɓaci.

"Ubanki ne ya aiko ki, ko Rahila?"

"Babu wanda ya aiko ni."

"To, ke kika aiko kanki. Kina son mijinki ya tashi, na sani." Ya yi murmushi. "Ran da kika karanta mini, muryarki ba ta rawa. Yau ga ta tana rawa. Na yi shekara nawa ina jin ƙaryarki, yarinya, na san kamanninta."

Na rantse, na sake rantsewa. Ya ce in daina, rantsuwa a kan ƙarya ba kyau, ko da ta tausayi ce. Ya ɗora tafin nan nasa mai kaushi a kaina, yana da zafi kamar an ɗauko shi daga murhu.

"Da ba ki gaya mini ba, da yanzu ina cikin gangarsu. Ke kaɗai kika ji tausayina. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki karatu mai yawa. Kuma kada ki damu, ban faɗa wa kowa ba."

Ko a ranar da sauran dama, da na fita na jira Baba a zaure. Ban yi ba. Na koma bayan ɗaki na wanke fuskata, na je na taya Inna bakace.

Bayan kwana biyu ya cika, da hantsi. Kafin azahar an kai shi, waɗanda ya koya wa riƙon dagi su suka haƙa masa. Ranar sadakar uku gida ya cika da mata, aka daka gumba, aka ce ina Uwargida, ta fito ta yi wasan jika, ai tsoho ya yi kyakkyawan ƙarshe. Suka ɗora mini hularsa, suka ba ni sandarsa, na zagaya tsakar gida ina kwaikwayon tafiyarsa ana dariya. Aka cika mini hannu da gumba.

Da ita a hannuna na ci karo da Baba a soro, shi kaɗai, yana zaune a kan buzun tsohon. Ya kira ni ya zaunar da ni kusa da shi.

"Ke ce kullum a gindinsa. Bai taɓa gaya miki abin da ya sa yake tsoron asibiti ba?"

Na ce, "Bai taɓa ba, Baba."

Na yi karatun kuwa, mai yawa, har na koyar da 'ya'yan wasu. Baba ya rayu ya ga jikokinsa, kuma har ya bar duniya bai daina wannan tambayar ba. Wani lokaci muna cikin hira sai ya ce da ya sani da ya ɗauke shi da ƙarfi ran nan, ko da ba za a yafe masa ba. Ya mutu yana ganin laifinsa ne. Duk lokacin da ya faɗa ina wurin, kuma abin da nake cewa shi ne, Baba, ka yi haƙuri, kwanansa ne ya ƙare.